Tana Da Bolar Kakuri: Takin Da Muke Takewa Da Ƙafa

Duk wanda ya ƙetara gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, ta Kakuri da Makera har zuwa Sabon Tasha, zai yi arba da abubuwa biyu da suka kamata su dame mu. A bakin kasuwanni ga tulin ɓawon doya da ruɓaɓɓen tumatir da ganye suna toshe magudanan ruwa. A bakin kogi kuwa ga masu lambu suna kukan tsadar takin zamani. A ra'ayinmu, waɗannan matsaloli biyu maganin juna ne, kuma abin da zai haɗa su ba wani ba ne illa tana, tsutsar nan da yara ke tonowa don kamun kifi.

Abin takaici shi ne, a wannan yanki ne aka kafa masana'antar takin sufa ta gwamnatin tarayya, wadda ta fara aiki a shekarar 1976. A shekarar 2006 kuma shugabannin Afirka suka hallara a Abuja, suka ɗauki alkawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa a kowace hekta daga kilo 8 zuwa kilo 50 kafin 2015. Wa'adin ya zo ya wuce ba a cimma burin ba. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, farashin taki ya yi tashin gwauron zabi, ƙaramin manomi ya ji a jikinsa.

Amfanin tana ba sabon zance ba ne. Tun a 1881 masanin Ingila Charles Darwin ya wallafa littafi sukutum a kan yadda take gyara ƙasa. Ƙasar Kyuba ta rungumi kiwonta a shekarun 1990, bayan rushewar Tarayyar Sobiyat ta yanke mata hanyar samun taki. Wani abin mamaki, nau'in da ake kira Eudrilus eugeniae, wanda manoman Indiya ke kiwo domin taki, asalinsa daga Afirka ta Yamma ne. Wato namu ya tafi yana yi wa wasu aiki, mu kuwa muna take shi da ƙafa.

Aikin ba shi da wuya. Ana samun akwati ko ƙaramin kwarami a inuwa, a shimfiɗa kashin shanu da ya huce tare da busasshen ganye, a zuba tsutsar, a riƙa ba ta ragowar kayan lambu ana yayyafa ruwa. Cikin wata biyu zuwa uku sai a kwashi baƙin taki mai laushi, wanda ke taimaka wa ƙasa riƙe danshi. Ai ba baƙon abu ba ne gare mu, domin tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano ke jigilar takin bola a kan jakuna zuwa gonakinsu.

Sai dai ba za mu yaudari kowa ba. Wannan taki ba zai maye gurbin yuriya a babbar gonar masara ba, domin sinadarin naitirojin da ke cikinsa bai kama ƙafar kashi 46 cikin 100 na yuriya ba. Zafin bazara da bushewar hunturu suna kashe tsutsar in an yi sake, haka ma cinnaka da kaji. Sannan sharar da aka cakuɗa da leda da batir guba ce ga amfanin gona. Inda ya fi dacewa shi ne lambun alayyafo da latas, da wuraren renon irin shuka.

Saboda haka muna kira ga hukumar kare muhalli ta jihar, KEPA, da ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun, su ware wurin tara sharar kayan gwari ita kaɗai a kasuwa ko da guda ɗaya, a matsayin gwaji. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da ke nan Zariya kusa, ta auna ingancin takin, ta kuma horar da malaman gona. Unguwannin da rufe masaƙun Kakuri ya bar matasansu ba aikin yi sun cancanci wannan ƙaramar sana'a, wadda jarinta inuwa ce da ruwa da haƙuri.