Ba Kowane Kumburin Wuya Ne Hangum Ba

Jama'a, a yau da haƙori za mu fara, ko da yake a wuya maganar za ta ƙare.

Wani magidanci a unguwarmu ta Gwange, nan Maiduguri, ya yi mako biyu yana fama da ciwon haƙori. Ya sa kanumfari, ya sayi kafso a kemis. Da ƙasan haɓarsa ya kumbura, dattawa suka ce ai hangum ne, wani ma ya ce a kira wanzami ya yi masa sakiya. Bayan kwana uku baki ya ƙi buɗuwa, miyau na zuba, murya ta shaƙe, barci ma sai a zaune. Da tsakar dare aka garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, inda sai da likitoci suka huda maƙogwaro suka sa bututu kafin ya sami numfashi.

Ga yadda abin yake. Saiwar haƙoran tauna na ƙasa tana kusa da naman da ke ƙarƙashin harshe. In haƙori ya ruɓe, ƙwayoyin cuta sukan ratsa ƙashi su shiga can. Kumburin ya tura harshe sama da baya har ya toshe hanyar iska. In kuwa an yi jinkiri, mugunya takan gangara ƙirji, wato inda zuciya take, ko cutar ta shiga jini. Ga masu ciwon sukari abin ya fi muni. Wani likitan Jamus mai suna Ludwig ne ya bayyana ciwon a 1836, kuma kafin a sami magunguna irin su fenisilin, fiye da rabin waɗanda ya kama ba su tashi.

Hangum dai a gindin kunne yake fitowa, galibi ga yara. Wannan kuwa a ƙarƙashin haɓa ne, ga tauri kamar katako. Askar wanzami ba ta kai inda mugunyar take, kuma kusa da wurin akwai manyan jijiyoyin jini. Ni a ganina mai kemis da ya ga irin wannan kumburi ya miƙa kafso bai kyauta ba. Tilas ne a nufi asibiti a daren, ba a jira gari ya waye ba.

Maƙwabcin namu ya dawo gida bayan mako uku, da tabo a wuya. Haƙorin da ya ƙi cirewa don tsoron zafi, an cire shi yana kwance.