Kafin Butum-butumi Ya Iso Zango

Da wuya a ce mai karatu bai taɓa cin karo da bidiyon nan da ke yawo a wayoyi ba: mutumin da ƙafafunsa suka shanye, an ɗaura masa rigar ƙarfe daga ƙugu zuwa sawu, ya miƙe yana takawa, 'yan kallo na tafi. A Zangon Akodesewa da ke birnin Lome, inda jama'a da yawa ke neman abinci a kan zemijan, wato babur ɗin haya, ko a dakon kaya kusa da tashar jiragen ruwa, ko a saman gini, wannan bidiyo yana taɓa zuciya. Faɗuwa ɗaya ta isa ta karya ƙashin bayan magidanci, ta mayar da shi kwance. Murnar ganin bidiyon ta halatta. Sai dai ra'ayina shi ne, idan muka zuba ido muna jiran wannan riga, za mu ci gaba da binne mutanen da keke mai kyau, da matashin zama, da robar fitsari mai tsafta za su iya raya su.

Laka igiyar jijiya ce da ke ratsa tsakiyar ƙashin baya, ita ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Idan ta tsinke ko ta murƙushe, abin da ke ƙasa da wurin raunin sai ya daina motsi, ya daina jin taɓi, mutum ya kasa riƙe fitsari da bayan gida. Ƙashi yana ɗoruwa, laka ba ta ɗoruwa. A nan ne iyalai da yawa ke yin asara biyu. Akodesewa ta yi suna a duniya da kasuwar magungunan gargajiya, kuma maɗoranmu sun san aikin karaya, amma jan bayan wanda lakarsa ta taɓu yana iya ƙarasa tsinka ɗan abin da ya rage. Kafin a ankara an sayar da babur, kuɗin sun tafi wajen neman ya tashi ya taka, babu abin da ya rage na kula da shi a kwance.

Gaskiya ne masana sun yi nisa. Injiniya Amit Goffer na Isra'ila, wanda hatsari ya shanye wa jiki a 1997, shi ya ƙirƙiro rigar ReWalk, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da ita a gida a 2014. A Suwizalan ana ƙera Lokomat, na'urar da ke rataye majinyaci tana motsa masa ƙafafu don horar da tafiya. A 2023 masana a birnin Lozan suka sanar da cewa sun dasa wa wani ɗan ƙasar Holan, Gert-Jan Oskam, na'urorin da ke ɗaukar saƙon ƙwaƙwalwa su tsallake wurin raunin su isar da shi ga laka, ya kuwa taka.

To amma a duba sharuɗɗan. Lokacin da ReWalk ta shiga kasuwa, kuɗinta ya kai kimanin dala 70,000, wajen sefa miliyan 35. Mai sa ta sai yana da ƙarfin hannun riƙe sanduna biyu, sai an caja batir, sai an sami daɓe mai santsi da ƙwararren da zai gyara ta in ta lalace. Goffer kansa bai iya tafiya da rigar da ya ƙirƙiro ba, domin raunin nasa ya taɓa hannuwa. Wanda ya san lungunan Akodesewa, yashi lokacin rani, ruwa kwance da damina, ya san inda wannan riga za ta tsaya.

Tarihi ya nuna abin da ke ceton rai. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, yawancin masu raunin laka ba sa daɗewa suke mutuwa, kuma abin da ke kashe su gyambon kwanciya ne da cutar mafitsara da ke hawa zuwa ƙoda. A 1944 Likita Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya kafa doka a riƙa juya majinyaci kowace awa 2, dare da rana, a fitar da fitsari cikin tsafta, a motsa jiki, a koyi sana'a. Mutanen da aka fid da rai da su suka rayu, har wasannin da ya shirya musu a 1948 suka zama tushen gasar nakasassu ta duniya. Duk wannan ya faru babu butum-butumi ko ɗaya.

Har yau waɗannan ƙananan abubuwa su ne suka fi ƙaranci. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya nuna cewa a wasu ƙasashe matalauta, kashi 3 cikin 100 kaɗai na masu buƙatar kayan tallafin jiki ke samun su. Keken guragu ma da ake rabawa a bukukuwa, galibi ba a auna jikin mai shi ba. Mutumin da ba ya jin zafi a mazaunansa, idan aka ɗora shi a kan keken da babu matashin da ya dace, kyautar ce za ta huda masa fata.

Abin lura shi ne, Lome ba ta rasa hannu ba. Tun shekarun 1970 take da cibiyar ƙasa ta ƙera gaɓoɓin roba da takalman ƙarfe, CNAO. Makarantar ENAM tana horar da masu gashin ƙashi da masu ƙera kayan nakasassu, har ɗalibai na zuwa daga wasu ƙasashen Afirka. A 2013 Afate Gnikou ya harhaɗa na'urar buga abubuwa mai ɗaukar siffa uku daga tarkacen kwamfuta a ɗakin fasaha na WoeLab, kuma a 2016 ƙungiyar Handicap International ta sa Togo cikin ƙasashen da ta fara gwada buga gaɓoɓin roba da irin wannan fasaha. A Kano kuma, waɗanda shan inna ya nakasa sun daɗe suna walda kekunan hannu masu ƙafa uku da ke jure hanyoyinmu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wani zai ce, ashe talakan Afirka bai cancanci fasahar zamani ba ke nan? Ya cancanta. Na'urar horar da tafiya guda ɗaya a babbar cibiya, wadda ɗaruruwa za su yi amfani da ita, abu ne da ya kamata a nema wa ƙasa, kuma 'ya'yanmu su karanci yadda ake ƙera ta. Amma sai mai rai zai ci moriyarta, kuma sai wanda gaɓoɓinsa ba su ƙage ba.

Saboda haka aikin Zango a fili yake. Shugabannin 'yan zemijan su koya wa mutanensu cewa wanda ya faɗi ya ce ba ya jin ƙafarsa, ba a ɗaukarsa hannu da ƙafa a cusa a tasi. A shimfiɗe shi a kan allo, a tallafe wuya, a nufi asibiti. Masu hali su karkatar da wani abu na sadakarsu ga keken da aka auna, da matashi, da kuɗin gashi. Masu walda su je wurin ƙwararru su koyi awo. Masu gini su zuba gangare a ƙofar masallaci da makaranta da shago, su faɗaɗa ƙofar ban ɗaki. Iyali kuma su raba kwanan juya majinyaci tsakaninsu, kada a bar wa matarsa ita kaɗai.

Tela yana ɗinki a zaune, malami yana karantarwa a zaune, ɗan kasuwa yana ciniki a zaune. Wanda lakarsa ta taɓu ya rasa tafiya, amma iliminsa da sana'arsa suna nan, kuma bai kamata mu tura shi bara ko mu kulle shi a ɗaki har sai ranar da ya taka ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare masu fita nema.