Ciwon Gwiwa Ba Dalilin Daina Motsa Jiki Ba Ne

Kuskure ne mai raunin gwiwa ya ɗauka cewa kwanciya ita ce magani, domin guringuntsi, wato shimfiɗa mai santsi da ke rufe bakin ƙasusuwa, ba shi da hanyoyin jini, daga ruwan gaɓa yake samun abinci idan ana motsa ta, sannan dogon hutu yana raunana tsokar gaban cinya wadda ke tallafa wa gwiwar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da ya yi aƙalla minti 150 a mako na motsa jikin da ke ƙara bugun zuciya da numfashi, kuma ana iya samun wannan ba tare da gudu ko tsalle ba. Iyo da tafiya cikin ruwa suna rage nauyin da ke sauka kan gaɓa, sai dai a guji iyon kwaɗo saboda yana murɗa gwiwa. Keken motsa jiki kuma yana da amfani idan an ɗaga sirdinsa yadda ƙafa za ta kusa miƙewa. Wanda ya ga kumburi ko ƙarin zafi ya dakata, ya tuntuɓi likita kafin ya ci gaba.