Ra'ayinmu: A Bar Yara Su Koyi Doka

Duk wanda ya daɗe a Sabon Ibadan, ko Agege, ko Fatakwal, ya san abin da ke biyo baya idan aka kama ɗanmu. Hankali ya tashi, a garzaya wurin Sarkin Hausawa, a yi karo-karo, a je a biya kuɗin beli. Alhali beli a caji ofis kyauta ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

Shi ya sa muke maraba da ɗaliban koyon aikin lauya da ke sa kai suna shiga makarantun sakandare domin koya wa yara doka ba tare da karɓar ko kwabo ba. An fara wannan tsari a Jami'ar Georgetown ta Amurka a 1972. A nan gida kuwa, ƙungiyar NULAI da aka kafa a 2003 ta taimaka wa jami'o'i da dama wajen buɗe ofisoshin ba da agajin shari'a, inda ɗalibai ke irin wannan aiki.

Abin da suke koyarwa ya shafe mu kai tsaye. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya ga dama a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana nuna bambancin ƙabila ko addini, na 43 kuma ya ba shi ikon mallakar fili ko gida a ko'ina. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama yana iya yin shiru har sai ya ga lauya. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama uba ko mata a madadin wanda ake nema.

Yawancin iyayenmu ba su karanta Turanci, amma 'ya'yanmu suna karantawa. Yaro ɗaya da ya san waɗannan sassa zai iya hana mahaifinsa dangwala hannu a takardar da bai san abin da ke cikinta ba.

Don haka muna kira ga magidanta da kada su janye yara zuwa kasuwa a ranar darasin, maza da mata. Da dare a zaunar da su, a ji abin da suka koyo. Sai dai a tuna, ɗalibi ba lauya ba ne. Idan magana ta kai kotu, a nemi lauya ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.