Wa Zai Mallaki Dandalin Garinmu?



Ya ku malamai da attajirai na ƙasar Daura, yau za mu yi magana a kan wani ciniki wanda kakanninmu fatake, masu goro da kanwa da jar fata, ba su san shi ba, watau cinikin ƙungiyoyin wasa. Kada malami ya ce wannan lagawu ne, ya ajiye takarda. Abin da ya ɗauke hankalin samarinmu, har da almajiran da ke zaure, ya kuma kwashe abin da ke aljihunsu, bai kamata manya su jahilce shi ba.

A ƙasar Indiya akwai wani wasa da Turawan Ingila suka bar musu, ana ce da shi kurket, ana bugun ƙwallo da faffaɗan itace. A shekarar 2008 hukumar wasan ta ƙasarsu ta shirya wata gasa mai suna IPL, ta sayar wa attajirai ƙungiyoyi takwas, kowace da sunan gari ko lardi. Kamfanin Reliance na attajiri Mukesh Ambani ya ɗauki ta birnin Mumbai a kan dala miliyan 111 da ɗoriya. Ga inda ribar take. Mutanen Indiya sun haura biliyan ɗaya, kuma suna son wasan nan ƙwarai. Saboda haka gidajen talabijin ke biyan kuɗi a ba su iznin nuna shi, su kuma su karɓi kuɗin talla daga masu haja, sa'an nan a raba wa masu ƙungiyoyi rabonsu. A 2022 an sayar da wannan izni na shekara biyar a kan fiye da dala biliyan 6.

To, amma gasar ba ta wuce kamar wata biyu a shekara, ɗan kasuwa kuwa ba ya son jarinsa ya kwanta wata goma. Shi ya sa suka ƙetare teku. A 2015 Shah Rukh Khan, wanda yaranmu suka sani a finafinan Indiya, shi da abokan tarayyarsa suka sayi ƙungiyar tsibirin Tirinidad. A 2023 aka buɗe sabuwar gasa a Afirka ta Kudu da ƙungiyoyi shida, dukansu na attajiran IPL ne. A 2025 Ingila kanta ta sa hannun jarin ƙungiyoyi takwas a kasuwa, attajiran nan suka shiga huɗu daga ciki, har kamfanin Sun ya ɗauke ta birnin Leeds ɗungum a kan wajen fam miliyan 100. Ikon Allah! Waɗanda aka koya wa wasa jiya, yau su ke sayen gidan malaminsu.

Ba mu ga laifinsu ba. Mai kaya ya sayar da yardarsa, mai kuɗi ya saya da yardarsa. Hasali ma akwai abin koyi: sai da suka gyara kasuwar gidansu ta cika, kana suka fita. Amma mai hankali ya lura da abu biyu. Na farko, wanda ya saya shi ke raɗa suna. Ƙungiyar birnin Johannesburg ana ce da ita Super Kings don ta yi takwara da ta Chennai, ta birnin Cape Town kuwa tana ɗauke da tambarin ta Mumbai. Na biyu, mai mallaka na nesa bai san inda ɗaki ke yoyo ba. A 2010 kamfanin Venky's, masu kiwon kaji na birnin Pune, suka sayi kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Blackburn a Ingila, wanda ya taɓa cin gasar ƙasar a 1995. Cikin 'yan makonni suka sallami mai horar da 'yan wasa. A 2012 kulob ɗin ya faɗo daga ajin manya, har aka sako kaza cikin fili don nuna fushin 'yan gari, a 2017 kuma ya sake gangarawa aji na uku. Sun ci gaba da zuba kuɗi, gaskiya ne, amma kuɗi bai saya musu sanin gari ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Yanzu mu dawo gida. Wasan ƙwallon dawaki da ake yi a Katsina, daga Indiya hafsoshin Ingila suka koyo shi, sa'an nan suka kawo shi ƙasar nan. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya gan shi, ya sa dawakinsa da 'ya'yansa a ciki, har ɗansa Usman Nagogo ya zama gwanin da ake labarinsa. Wasa baƙo ya zama ɗan gida, domin mai gida ya sa dukiyarsa da kulawarsa. Ga kuma akasin haka. Kamfanin Leventis, wanda duk ɗan kasuwa ya san kantinsa, ya riƙe ƙungiyar ƙwallo a Badun, ta ci gasar ƙasa a 1986, ba a daɗe ba masu ita suka rushe ta, magoya baya suka wayi gari ba su da ta cewa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Yau fa, wa ke riƙe da namu? Katsina United ta gwamnatin jiha ce, Kano Pillars ma haka. Abin da ke jiran baitulmali kuwa, in gwamna na son wasa ya yi ƙiba, in ba ya so ya rame. Attajiranmu kuma idonsu na ƙetare. Alhaji Aliko Ɗangote ya daɗe yana faɗin burinsa na sayen Arsenal, a 2024 ya ce farashi ya yi nisa, lokacin ya wuce, kuɗin ya tafi ga matatar mai. In mafi girman attajiranmu ya tarar kasuwar Ingila ta yi tsada, ashe ba can ce kasuwarmu ba.

Kasuwarmu tana nan ƙofar gida. Ku zaga Daura da Zango da Sandamu da Ɓaure da Mai'adua da dare, ku ga gidajen kallon ƙwallo cike da samari, kowa ya biya ya shiga, ana musu a kan garuruwan da ba wanda ya taɓa takawa. Kashi mai tsoka na kuɗin nan yana tafiya ga kamfanin da ke haska wasan, daga nan ya ƙetare. Alhali muna da dambe, da kokawa, da sukuwa, da langa, da 'yan ƙwallon unguwa masu buga wasa ba takalmi. Tuni wasu kamfanoni daga Ikko da ƙetare suka fara ɗaukar dambe a hoto suna nuna wa duniya. In muka yi sake, wata rana za a zo da takarda a sayi dandalin, a canja masa suna, a sa wasa daidai lokacin Magariba don ya dace da masu kallo na wata ƙasa, mu kuwa mu biya kuɗin ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Malamai sun fi mu sanin cewa shari'a ba ta yi shiru a nan ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawaki a Madina, ya kuma yi kokawa da Rukana. Muhtasar na Shehu Halil yana da babi a kan tsere, yana da babin tarayya, yana da na ƙiradi, watau wani ya ba da jari, wani ya yi aiki, a raba riba bisa sharaɗi. Abin da aka hana shi ne caca, ita ce kuwa ke bin wasannin zamani kamar ƙuda da nama. Indiyawa kansu sun ɗanɗana, har a watan Agusta na 2025 majalisarsu ta yi dokar hana wasannin zuba kuɗi ta intanet.

Saboda haka ga shawararmu. Attajiran ƙasar Daura, masu shanu da masu hatsi da masu motoci, su haɗa jari, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Su fara da abin da za su iya: fili ɗaya mai katanga, da gasar kaka tsakanin gundumomi, ta kokawa da sukuwa da ƙwallo. A rubuta yarjejeniya gaban malamai da shaidu, da sanin fadar Mai Martaba Sarki. A sa sharuɗɗa a ciki: ba caca, ba tallan caca, a tsayar da wasa in an kira salla, a biya ɗan wasa hakkinsa a kan lokaci, a yi masa magani in ya ji rauni, a karanta lissafin shiga da fita gaban masu jari kowace shekara. Dambe kuma, tun da akwai dūkan fuska a cikinsa, malamai su zauna su faɗi hukuncinsa da iyakarsa kafin a sa kwabo. In baƙo ya zo da jarinsa, Ba'indiye ne ko Balarabe ko Bature, a yi masa maraba, a ba shi kashi, amma rinjaye da sunan gari su tsaya hannun 'yan gari.

Kada attajiri ya zaci riba za ta zo a shekarar farko. Mai yiwuwa a yi shekaru ana zubawa. Amma yaron da ya sami fili a garinsu da lada a hannunsa, da wuya ka same shi a shagon caca. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa.

Allah ya sa albarka a kasuwarmu, ya shirya mana zuriya, ya ja zamanin Sarki. Haza wassalamu.