Kalma Da Asalinta: Zolayar Jamusawa Da Sabon Shiga

 A wannan watan Jamus za mu leƙa.

Idan yara suka tasa ɗan uwansu gaba da tsokana saboda ƙibarsa ko in'inarsa, Jamusawa kan kira wannan hänseln, ana furta ta kamar "henzeln". Da jin ta za ki ɗauka daga sunan Hans ta fito, sunan da ya cika gari a can kamar Audu a wurinmu, har ake laƙaba shi ga wawa. Sunan ya sa hannu daga baya, amma tushen kalmar Hanse ne, wato ƙungiya ko ayari.

Da wannan suna aka san haɗakar fataken biranen Lubek, Hambog, Bremen da sauransu, wadda ta riƙe cinikin tekunan arewacin Turai shekaru aru-aru, har zuwa babban taronta na ƙarshe a 1669. Shi ne ma wutsiyar sunan kamfanin jiragen Lufthansa. Da farko hänseln na nufin shigar da sabon mutum cikin ƙungiya, shi ke nan.

To, shigarwar ce abin ji. A masaukinsu na birnin Bergen da ke ƙasar Norwe, inda suke sarin busasshen kifi (irin wanda har yau ake kawowa kasuwannin Nijeriya), yaron da ya zo koyon fatauci sai an ɗaure shi da igiya an ɗaga shi sama cikin hayaƙi mai wari, ana jefa masa tambayoyi don ya buɗe baki ya shaƙa. Akwai tsomawa a teku, akwai zanewa da tsumagiya ana kaɗa ganga don kada a ji ihunsa. Wasa suke kiran duk wannan, kin ji! Wanda ya sha bana, shi zai riƙe bulala baɗi.

Ƙungiyar ta watse, ma'anar shigarwa ta ɓace, kalmar ta tsaya a kan cin fuskar kaɗai.

Ni dai 'yan aji ɗaya na makarantun kwana wannan labari ya tuna mini, masu wanki da ɗiban ruwa ga manyan aji da sunan al'ada. In naki ya dawo hutun farko ya yi shiru, kada ki tsaya a tambayar sakamakon jarrabawa. Ki tambaye shi wane suna suke kiransa da shi a ɗakin kwana, kuma wa ya raɗa masa.