Fuskar Jaruma Ba Ta Sayar Da Ruɓaɓɓen Kifi

Duk wanda ya san Haɗeja a farkon shekarun 2000 bai manta da yadda shagunan kaset ke cika maƙil ba ranar da sabon fim ya iso daga Kano. Mai shago zai je Bata ko Ƙofar Wambai ya saro kaya, ya manna fosta a bakin ƙofa, ya ƙure sautin waƙar fim ɗin, shi ke nan talla ta ƙare. Lokacin da Sangaya ke tashe ai ba a yi wa kowa magiya.

Yau kuwa kaset ya zama tarihi, sidi ya bi sahunsa, furodusoshi sun tattara sun koma YouTube. Tun da Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira suka fito a 2020, kowa ya gane cewa 'yan kallo sun koma cikin waya. To, inda 'yan kallo suka koma, can masu saye suke.

'Yan kasuwar Haɗeja ma ba a bar su a baya ba. Gari ne na kifi da shinkafa, albarkacin kogi da fadamar da ta miƙe har Nguru. A da, mai banda sai ya zauna jiran baƙi su shigo kasuwa. Yanzu zai ɗauki bidiyon tarwaɗa tana kan wuta ya ɗora a TikTok ko Facebook, ya sa farashi a sitatus ɗin WhatsApp. Matar aure a Kaduna ta gani ta tura kuɗi, shi kuma ya ɗaure kwali ya kai tasha ya ba direba. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, lokacin canjin naira, ya tilasta wa har masu gardama koyon karɓar taransifa.

Ina ruwan 'yan fim a nan? Ai su ne allon tallar! A da manyan kamfanoni irin su Glo ne ke ɗaukar jarumi kamar Ali Nuhu ya zama jakadansu. Yanzu mai turaren wuta, mai atamfa, mai shinkafa 'yar gida, kowa yana iya biyan jaruma ta ɗaga kayansa a Instagram na minti ɗaya.

A nan ne gizo ke saƙar. Ƙaramin ɗan kasuwa kan kwashi rabin jarinsa ya biya talla saboda ya ga jaruma na da mabiya rututu. Abin da bai lura ba shi ne, mabiya daban, masu saye daban. Da yawansu kwalliya suka zo kallo, wasu ma mabiyan sayensu ake yi. Kwana biyu ana yaba bidiyo, amma ko mutum uku ba su tambayi farashi ba. Ga kifi ba ya jira, ga kuɗi sun tafi.

Wanda zai biya talla ya fara gyara gidansa tukuna. Hoton da zai ɗora ya zama na kayansa ne, ba na aro ba. Ya rubuta farashi a fili, ya faɗi wanda zai biya kuɗin mota, ya riƙa amsa saƙo da wuri. Kada ya saki kaya don an turo masa hoton rasit, sai ya duba asusunsa da idonsa, domin masu alat na bogi sun yi yawa. In ruwa ya yanke hanya, irin yadda ambaliyar 2022 ta yi a ƙasar Haɗeja, ya sanar da mai saye cewa kaya za su makara. Kuma ya adana lambobin abokan cinikinsa a littafi. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke na kusan awa shida a duk duniya. Wanda kasuwarsa ke wuri ɗaya, ranar zaman ɗirshan ya yi.

Su ma jaruman akwai jan hankali gare su. Masoyi in ya ga jarumarsa ta ce kaya na da kyau, maganarta ya saya. Ranar da kwali ya iso da banda mai tsutsa, ko kuma bai iso ba sam, sunanta za a fara kira kafin na mai kayan. Ya kamata kafin ta karɓi kuɗi ta ga kayan, ta san mai su, ta san inda shagonsa yake. Sunan da aka yi shekaru ana ginawa a industiri bai kamata ya zube a kan tallar minti ɗaya ba.

Waya ta kai kasuwar Haɗeja har Legas, amma ba ta canza dokar ciniki ba. Jaruma za ta iya kawo mai saye sau ɗaya. In ya buɗe kwali ya tarar da abin da ya gani a hoto, da kansa zai dawo, har ya turo maƙwabtansa.